Katin Baba Maigadi

Ƙarfe biyu da kwata na rana edita ya jawo durowarsa ya tarar babu katin. Ya zazzage ta a ƙasa, ya laluba aljihunsa, ya sake lalubawa, sannan ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu. Kafin ƙarfe uku Sufeton 'yan sanda ya iso gidan da ake ɗaukar fim ɗin.

Katin kyamara ne, bai kai girman kwalin ashana ba. Sai dai a cikinsa akwai fitowar Baba Maigadi da aka ɗauka jiya da yamma. Shekara talatin tsohon nan yana buɗe ƙofa a finafinai, ya ce "sannu da zuwa, ranka ya daɗe," a wuce shi ko kallo babu. Jiya ne kaɗai aka ba shi minti shida, ya fito a uban da ɗansa ya juya wa baya. Yau da safe ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce da wuya maganarsa ta dawo. Idan katin nan ya tafi, aikin rayuwarsa ya tafi ke nan.

"Ba ku da kwafi?" Sufeto ya tambayi edita.

"Na'urar ajiyata ce ta cika, yallaɓai. Da aka tashi hutun cin abinci ƙarfe ɗaya na fita sayo sabuwa. Da idona na ga katin kafin in fita."

"Ka kulle ƙofa?"

"Wa ke kulle ƙofa a nan? Duk 'yan gida ne."

Ya miƙo rasit, ƙarfe ɗaya da minti arba'in, daga wani kanti can nesa. Sufeto ya sa aka caje shi, babu komai sai gumi. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin. Wani baƙin soso ne kwance a jikin ƙafar kujera, an yanka shi da almakashi, gefe ɗaya da gam. Ya sa shi a ambulan.

Darakta, wata mata mai faɗa da hannu, ta ba shi labarin jiya. "Babban jaruminmu Farin Wata ne ɗan. Shi ya kamata kyamara ta tsaya a kansa, don shi mutane ke sayen tikiti. To Baba ya fara magana. Bai yi kuka ba, yallaɓai, ko ɗigo. Hularsa kawai ya cire yana ninkewa yana warwarewa, yana murmushi, muryarsa na karyewa. Mai kyamara ya juya ta kan Baba bai sake dawowa ba. Ni da kaina na manta in ce a tsaya."

Da jin sunan Farin Wata, Sufeto ya ɓata rai. Shekara takwas yana raba falonsa da wannan mutumin. Ya dawo daga aiki a gajiye, matarsa ta ce masa sannu ba tare da ta ɗauke ido daga talabijin ba. "Dubi yadda yake yin shiru kafin ya yi magana," takan ce, "kamar maganar tana masa ciwo." Shi ma fa yana yin shiru a gidan, ba a taɓa yaba masa ba! Kishin mutumin yake yi, ya kuma san yana yi. Saboda haka ya ja wa kansa kunne: kada ka kama bawan Allah don matarka tana son fim ɗinsa.

Ya fara da jarumar fim ɗin, wadda aka yanke waƙarta don a ba Baba lokaci.

"Kin ji haushi?"

"Haushi? Kwana biyu ban ci abinci ba! Wata guda ina koyon rawar nan, a ba wa mai buɗe ƙofa. Amma ka tambayi mai kwalliya, daga ɗaya zuwa biyu ina kan kujerarta, gashina a hannunta."

Mai kwalliya ta tabbatar, har da ƙorafin cewa ita ma ba ta samu ta ci komai ba.

Farin Wata ya zo da kayan aiki a jikinsa, kwat da baƙin takalmi sau ciki. Ya fi kyau a fili, abin da ya ƙara ɓata wa Sufeto rai.

"Ina kake lokacin hutu?"

Ya yi shirun nan nasa, ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago. "A motata. Na kasa ci. Baba uba ne a gare ni."

"Ka shiga ɗakin edita yau?"

"Rabona da ɗakin nan ya fi mako."

Wallahi da a falon Sufeto ne, da matarsa ta share hawaye. Sufeto ya sallame shi, ya zaga wajen mai sauti, wani siriri da ba ya rabuwa da abin kunne. Ya zazzage masa ambulan a tafin hannu.

"A'a, sosona! Ina ka samo shi?"

"Na mene ne?"

"Ƙasan gidan nan tayil ne, yallaɓai. Idan ɗan wasa yana tafiya, takunsa yakan danne magana. Sai in yanka soso in manna a dunduniyar takalmi. Yau mutum biyu na manna wa. Na jaruma ɗan mitsitsi ne, tsinin takalminta bai fi ƙwayar wake ba. Wannan faffaɗan na Farin Wata ne."

"Kana da abin da ka ɗauka kafin hutu da bayan hutu?"

Ya ɗora wa Sufeto abin kunnen. Ɗaya saura minti goma: Farin Wata yana ratsa falo yana magana, babu motsin ƙafa ko kaɗan. Biyu da minti biyar, tafiya iri ɗaya: ƙwas, shiru, ƙwas, shiru. Sufeto ya sa aka maimaita masa har sau uku, don ya tabbata kunnensa ne ke ji ba zuciyarsa ba.

Ya tara su a ɗakin edita, ya ce wa Farin Wata ya ɗaga ƙafarsa ta dama. Soso na nan. Ta hagu, sai busasshen gam.

"Ɗaya saura minti goma ƙafafunka biyu duk shiru suke," in ji Sufeto. "Biyu da minti biyar ɗaya tana ƙara. A tsakani ta yar da sosonta, ga inda ta yar da shi, ƙarƙashin teburin ɗakin da ka ce rabonka da shi ya fi mako. Ka shigo da takalmin aiki don ka san ba ya ƙara. Ka saba a manna maka a cire maka, ba ka taɓa duba ƙasan takalminka da kanka ba."

Wannan karon babu shirun nan mai kyau.

"Shekara ashirin," in ji Farin Wata. "Shekara ashirin idan na shigo, kowa ni yake kallo. Jiya ina tsaye a gabansa, ina jin kaina kamar kujera. Mutumin da yake riƙe mini ƙofa! Da na ji an kwantar da shi a asibiti, na san ba za a sake ɗauka ba."

"Kai, Allah wadaranka," in ji darakta a hankali.

"Ka karya shi?" Sufeto ya tambaya.

Farin Wata ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa na ciki ya fito da katin, lafiyarsa ƙalau. "Na sa shi a kwamfutata a mota. Na ce bari in ga inda ya yi kuskure, in ji sanyi, sannan in karya. Sau biyar na kalla. Ban samu ba."

Edita ya fizge katin, ya zura shi a kwamfuta. Fuskar tsohon ta cika allon, ya cire hularsa ya fara ninkewa.

Sufeto ya ɗaura wa Farin Wata ankwa, ya kama gwiwar hannunsa ya nufi ƙofa da shi. A bakin ƙofar mutumin ya turje, wuyansa a juye, idonsa a kan allon.

"Yallaɓai, don Allah," ya ce. "Ka bari ya kai ƙarshe."

Sufeto ya sake shi, suka tsaya tare suka kalla.