Waƙar Reno a Tsohon Tanki

Dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan gab da magariba, lokacin Mama tana kwashe shanya. Ta ɗaga kai, ta yi wa yaran maƙwabta faɗa, ta ci gaba da ninke kaya. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo. Sai ta tsaya da riga a hannu, domin yara ba sa jifa haka. Tazarar da ke tsakanin dutse da dutse daidai take, kamar wani ne ke riƙe da kiɗa.

A ɗakin baya, wanda aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu da kiret ɗin ƙwai, babban ɗanta, da kowa ke kira Yaya, yana haɗa albam ɗin farko na ƙungiyarsu. Su uku ne: shi a kan kwamfuta, abokinsa Dogo a kan ganguna, ƙanwarsa Auta ita ce murya. Waƙoƙinsu na matasa ne, masu saurin kama kunne, amma ba su tsaya ga kayan kiɗa ba. Kukan ƙofa, ɗigar famfo, ƙarar keken ɗinkin Mama, duk Yaya yakan naɗa, ya yanka, ya jera. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kada a bar sauti ya kai ƙarshe. A yanke shi inda ya fi daɗi, a sa ya riƙa maimaita kansa.

Kwanakin baya ya zura makirfo cikin tsohon tankin kankare na bayan gida, wanda ya bushe tun kafin su tare, don ya naɗi amon cikinsa. Da ya saurara sai ya ji wata siririyar murya can ƙasa, tana hawa tana sauka. Ya ce iska ce a bututu. Ya yanko tsakiyarta, ya ɗora waƙa ta huɗu a kanta.

"Wannan ce za ta fito da mu," in ji Dogo. "Ko Mama sai ta taka."

"Allah ya kiyaye," ta amsa daga tsakar gida. "Ku da kuka mai da mini keke mawaƙi."

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai ya fara. Duwatsun a jiƙe suke, da gansakuka a jikinsu, alhali an daɗe ba a ga ruwan sama ba. Daga nan Auta ta rage magana. Sai a same ta zaune a bakin gado, hannuwanta a naɗe kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa, tana rera sautin nan. In ta zo daidai inda Yaya ya yanke, sai ta koma farko. Haka har leɓɓanta suka tsage. Abinci ya gagara. A asibiti aka duba aka ce ba a ga komai ba.

Mama ta aika aka ɗauko Malam, wani dattijo mai sanyin murya da ya daɗe yana yi wa masu irin wannan larura karatu. Ya iso da faɗuwar rana. Bai tambayi kowa komai ba. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya fara karatu a hankali. Jifan ya tsananta, sannan ya ɗauke ɗif. Gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigar famfo.

Auta ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, wadda ta gaji.

"Malam, sassauta. Ni ma uwa ce."

"Baiwar Allah, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Maƙogwaronta na ara. Wancan ne." Yatsan Auta ya miƙe ya nuna Yaya a bakin ƙofa. "A tankin nan nake reno. Ɗana ba ya barci sai na kai masa waƙar ƙarshe. Wancan ya kama mini murya ya kulle a akwatinsa, ya datse ta. Duk sanda ya kunna, yaron ya ji na fara, ya lumshe ido, sai a koma farko. Ya daina kuka ma. Kallona kawai yake."

"To me ya hana ki ƙarasa da bakin da kika ara?"

"Guntun kawai ta iya. Shi suka yi ta cusa mata."

Malam ya ce ta bar jikin yarinyar, zalunci ba ya gyara zalunci. Bakin Auta ya yi wani murmushi da ba nata ba.

"Mu yi musaya. Ya riƙe muryata, tunda yana so. Ni in tafi da tata, in koya mata sauran a can ƙasa."

"Ba za a yi wannan ba."

"To ya mayar. Ya kai ta bakin tankin ya sake ta tun daga farko har ƙarshe, sannan ya goge, kada ya bar ko ɓurɓushi. Gurbin da za ta bari a waƙarsa kuma kada a cike shi da komai."

Malam ya juya ga Yaya.

"Malam," in ji Yaya, "ko da ɗan kaɗan ne, in an rage ƙararsa…"

"Kai!" Dogo ya daka masa tsawa. "Ƙanwarka ce fa!"

Mama ta juyo ga Yaya. Kallonsa kawai ta yi.

Shi ya ɗauki lasifikar da kansa. A bakin tankin, cikin sauran hasken da ya rage, ya kunna naɗin na asali. Muryar ta hau, ta sauka, ta wuce inda ya yanke. Ƙarshen ba wani abin a zo a gani ba ne: sauti ne da ke ta yin ƙasa har ya narke, irin wanda ya saba zubarwa. Da ya ƙare ya goge komai, Malam yana tsaye a kansa. A cikin ɗaki Auta ta saki hannuwanta ta ce, "Mama, ruwa."

Albam ɗin ya fito. A tsakiyar waƙa ta huɗu kiɗa yana ɗaukewa, a yi shiru mai tsawo, sannan Auta ta dawo. Masu sauraro suka ce nan ne ƙungiyar ta fi nuna ƙarfin hali. Auta ta warke, tana waƙa, sai dai ba da magariba ba. Mama ta yafe jifan da katifunta, amma tun ranar ba ta ƙara yi wa ɗanta wasa ba.

Yaya kaɗai ya san gurbin ba fanko ba ne. In ya saƙala abin sauraro a kunne, can ƙasa da shirun yakan ji numfashi, ƙarami, a hankali, irin na yaron da barci ya yi wa nauyi. Bai naɗe shi ba, bai san yadda ya shiga ba. Duk sanda waƙar ta zo wurin, sai ya rage ƙara, ya daina motsi a kujerarsa har ta wuce.