Kukan Motar Marigayi

Kwana uku da fitar Umma daga takaba aka yaye tamfol ɗin da ya rufe motar mijinta. Tsohuwar mota ce, doguwa, mai layin kujeru uku, wadda marigayin ya shekara goma sha bakwai yana lallaɓawa. Babbar 'yarsa, wadda tun tana ƙarama yake kira Direba, ita ta wanke ta, ta sa aka yi cajin batir. Ta riga ta shirya da gidaje tara na unguwar cewa daga farkon wata za ta riƙa kai 'ya'yansu makaranta tana ɗauko su. Da wannan gidan zai ci, da wannan ƙanwarta Auta za ta ƙare karatu. Ba su da wani abin bayan shi.

A yammacin ranar, rana ta gama sauka bayan katanga, Auta na kwashe shanya, Umma na alwala. Ladani bai kai ƙarshen kiran magariba ba motar ta fasa kuka. Jiniyarta ta cika tsakar gida, fitilunta huɗu na ƙiftawa, alhali ba kowa kusa da ita. Direba ta ɗauko makulli ta danna rimot ɗinsa, kukan ya yanke.

Washegari ma haka, a daidai lokacin. A rana ta uku, kukan na yankewa, duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Auta ta tsinci guda ta yar da sauri. Da ɗumi ta ji shi.

Baffa, ƙanen marigayin, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nasu, da ƙaramar ƙofa a jikinta. Shi ya yi wa gawar yayansa wanka, shi ya karɓi gaisuwa, kuma tun daga lokacin Umma ba ta yanke komai sai da shawararsa. Kullum motar ta yi shiru sai ga sallamarsa, ya biyo a hanyarsa ta masallaci.

"Matar Yaya," ya ce, "ba na son faɗa, amma abin da ya yi wata huɗu a rufe, ba a san wa ya tare a ciki ba. Ku bari in janye ta, in raba ku da ita."

"Baffa, matsalar wayar lantarki ce," in ji Direba. "Dubawa ake yi."

"Ke komai waya. Duwatsun ma waya ce?"

Duk da haka ta kira mai gyaran wayoyin mota, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya fara da batir, domin a cewarsa raunin batir kan sa tsohuwar jiniya surutu. Ya kankare tsatsar kawunansa. Ya bi ƙofofi ɗaya-ɗaya yana danna maɓallan da ke gefensu, ya duba na bonet, sannan ya kwanta ƙarƙashin sitiyari ya rage ƙarfin ɗan akwatin da ke jin bugu.

"Waɗannan tsofaffin irina ne," ya ce. "Ko kyanwa ta taka su sai sun kai ƙara."

Ya zauna a kan benci har magariba. Motar ta yi kukanta kamar ba a taɓa ta ba. Da aka kashe, ya leƙa wata 'yar jar fitila da ke gefen sitiyari, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ita ke ba da shaida. In ƙofa aka taɓa, sau biyu take ƙiftawa. In bonet ne, uku. In bugu ne, huɗu. Yau ko sau ɗaya ba ta ƙifta ba. Ba abin da ya taɓa motar nan."

"Kun ji ko?" in ji Baffa daga bakin ƙofa. "Ba abin da ido ke gani."

"Ban gama ba, Alhaji. Hajiya, makulli nawa gare ta?"

"Biyu ne da," Umma ta amsa. "Ɗayan yana aljihun marigayi, amma Baffan yara ya duba ranar wanka, bai gan shi ba."

Mai waya ya buɗe baki zai yi magana, sai duwatsu suka sauko, wannan karon da yawa. Auta, da ke tsaye da buta, ta faɗi tim, ta sandare, haƙoranta a datse. Ba wanda ya sake tuna tambayar dattijon. Shi ma ya tattara kayansa ya fita yana salati.

Kwana biyu yarinyar ba ta ci ba, ba ta yi magana ba, sai dai duk magariba ta toshe kunnuwanta tana gurnani. Labari ya zaga. Gidaje huɗu suka aiko cewa sun fasa ba da 'ya'yansu. Umma ta dubi babbar 'yarta da jajayen idanu.

"A kira Malam ya yi mata ruƙiyya. In ya ce motar ce, za ta bar gidan nan. Ba zan ba da Auta saboda ƙarfe ba."

Baffa ne ya kawo Malamin bayan la'asar, tun a hanya yana ba shi labarin motar. Malam ya sa aka kwantar da Auta a falo, aka lulluɓe ƙafafunta, ya zauna wajen kanta ya fara karatu a hankali. Haske na janyewa daga taga. Can jikin yarinyar ya ɗauki rawa, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya, mai gajiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me ya kai ki motar bayin Allah?"

"Ni da mota? Warin mai hawa mini kai yake. Ƙarƙashin tankin ruwa nake, ni da jikokina, tun kafin a aza tubalin gidan nan. Marigayi mai gidan maƙwabcin kirki ne, bai taɓa zubar da ruwan zafi ba sai da bismilla. Yanzu kullum lokacin fitowarmu sai a sakar mana wannan ihu. Na yi jifa don a bari, ba a bari ba. Sai na kama wadda za ta ara mini baki."

"Wa ke sa ta ihun?"

"Wanda ke tsayawa bayan katanga, ya miƙo hannu. Ga shi can a bakin ƙofa."

Ba wanda ya waiwaya, sai Direba.

"Malam, ka fi ni sani," in ji Baffa, "aljani maƙaryaci ne."

"Mukan yi ƙarya," muryar ta ce. "Ku ma kun iya."

"Me kike so ki fita?" Malam ya tambaya.

"Ba na son yanka, ba na son turare. A karɓe abin da ke aljihunsa na hagu. In an karɓa na tafi, ba zan dawo ba."

Malam ya ɗaga kai. "Ni ba na kafa hukunci da maganar aljani. Amma aljihu abu ne da ake iya dubawa."

"Ni za a caje a gidan yayana? Matar Yaya, kina ji?"

Umma, wadda tun rasuwar ba ta taɓa musa masa ba, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Baffan yara, ciro."

Baffa ya zura hannu a aljihu, ya ajiye abin a kan tabarma: makulli da rimot, a jikin wata tsohuwar igiyar fata da Umma ta kitsa da hannunta. Direba ta ɗauka, ta danne jan maɓallin da ke gefe. A tsakar gida motar ta fasa kuka. Ta sake dannawa, ta yi shiru.

"Mace da tuƙin haya," Baffa ya fara, "mutuncin gidanmu nake..."

"Yayanka yana kwance a gabanka," in ji Umma. "Kana cire masa riga. A lokacin ka ɗauka?"

Ladani ya fara kira, Baffa ya juya ya fita, takalminsa ɗaya a karkace.

Malam ya sa muryar ta yi rantsuwa, ya umarce ta ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Yatsan ya karkaɗa sau uku. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce tana jin yunwa.

Farkon wata Direba ta fita da yara biyar, kafin mako ya ƙare suka koma tara. Dutse bai ƙara sauka a kan rufin ba. Umma kan tsaya da tukunyar ruwan zafi a gefen tanki, ta yi bismilla da ƙarfi kafin ta zubar, kamar mai gaida maƙwabciya. Ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidanta da na Baffa kuwa, ta sa an kira magini ya toshe ta da bulo.