Amfilifayar Yaya Zinsu

A tsakar gidansu da ke Porto-Novo, Sesi na zaune da takarda a cinya, saurayinta Mahunyon na tsugune gefenta. Ajinsu ɗaya a makarantar koyon lantarki. Zanen haɗin amfilifayar da suke dubawa na yayanta Zinsu ne, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar ubansu, yana haɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, yana kaiwa wuraren bikin binne mamaci.

"Sake bi a hankali," in ji Sesi. "Ƙafafun shiga biyu na op-amp ɗin, ɗan abin nan mai ƙara murya, ƙarfinsu ɗaya, wuta kuma ba ta bi ta cikinsu. Raba abin da ya fita da abin da ya shiga."

"Na raba har na gaji, madam farfesa. Irin wannan haɗin, in ƙarin murya ya wuce ninki uku, kansa zai riƙa ji yana kuka. Yaya kuwa nan ya sa maɓallin murɗawa. A gida kaɗan yake murɗawa, shi ya sa bai gani ba."

Ashe Zinsu na bayansu, ƙarfen narka dalma a hannu.

"Shekara goma sha biyar ina shaƙar hayaƙin dalma, kai ɗan takarda za ka gyara mini aiki a gidan ubana?"

"Yaya, ba raini ba ne, lissafi ne kawai..."

Mari ya katse shi. Zinsu ya danne masa hannu a benci ya ɗora ƙarfen mai zafi, har ƙauri ya tashi. Sesi ta rungumo yayanta ta baya, ya wancakalar da ita, leɓenta ya fashe a bakin rijiya.

"In danginka suka kawo kwalaben giyar neman aure gidan nan, a kansu zan fasa!"

Sesi na ɗaure wa Mahunyon hannun a bakin titi tana kuka ta ce, "Ka kai shi ƙara."

"In kai yayanki ƙara, gobe kuma in zo roƙonki wurinsa? Bari dai."

Ranar Asabar da azahar aka yi bikin binne wani dattijo, kowa cikin anko, Zinsu ya kafa amfilifayarsa. Sesi na rabon akasa, wato agidin masara, da kifi, Mahunyon ya raɓe bayan rumfa, don ta roƙe shi ya zo. 'Ya'yan mamacin suka ce a ƙara sauti. Zinsu ya murɗe maɓallin. Wani ƙugi ya tsaga wurin, lasifika biyu suka yi hayaƙi, matar mamacin ta zube a some.

Samari suka yo kan Zinsu da kujeru. Sun fasa masa goshi, suna tattaka shi, sai Mahunyon ya kutsa ya kwanta a kansa. Kujera ta karye a bayansa, bai ɗaga ba. Sesi ta zare waya, ta buɗe akwatin amfilifayar, ta liƙa resista ɗaya mai rage wuta da ta tsayar da ƙarin muryar ƙasa da ninki uku. Da ta mayar da wuta, kiɗa ya fito tas daga lasifikan da suka rage. Samarin suka watse, aka koma fifita tsohuwa.

Zinsu ya daɗe zaune a ƙasa, jini na bin hancinsa. Can ya ce wa Mahunyon, ba tare da ya ɗago ba, "Ka ce wa kawunnanka su zo neman auren ranar Lahadi. Kuma kada su zo mini da kwalba biyu, ƙanwata ba ta araha ba ce."

'Yan mata ku ji da kyau. Saurayin da danginku suka zalunta, yana da hanyar ramawa ya ƙi, don kada ya raba ku da gidanku, shi ne miji. Irinsa ba a tayawa, kamawa ake yi.