Simintin da Baber Ya Yaɓa wa Gidan Kakansa

Ana gab da kiran magariba, Baber na zaune a tsakar gida yana jiran matarsa Lalla ta sauke shinkafa da kifi, sai ga tubali tim a gabansa. Ya ɗaga kai, babu kowa a kan soro. Tubalin irin na dā ne, dunƙulen hannu, wanda aka daina yi a garinsu Jenne tun ba a haifi ubansa ba. Kuma a jiƙe yake, alhali rabon garin da ruwa wata bakwai.

Gidan kuwa kakan kakansa ne ya gina, da shi ake yi wa baƙo kwatance a unguwar. Kowane tsohon gida a garin yana da magininsa na gado, wanda ya san abin da aka binne a tushe da abin da aka karanta. Na su Baber shi ne tsoho Sumaila. Duk shekara kafin damina yakan zo da laka mai ƙaiƙayin shinkafa, ya shafe bangon da tafin hannu. To, Baber ya gaji da wannan hidima. Bara ya ɗauko wani daga Bamako ya lulluɓe gidan da siminti, ko sallama bai yi wa Sumaila ba. Tsohon ya zo, ya tsaya, ya duba, ya juya ya tafi. Kafin lokacin kaka Sumaila ya rasu.

Kwana tara ana jifa da magariba. Idan jifan ya tsaya, sai a ji nishi a cikin bango, irin na wanda aka toshe wa hanci. Ran na goma 'yarsu Nyamoyi ta yanke jiki ta faɗi. Da ta tashi sai ta kama kartar bango har farcenta ya yi jini. Ba ci, ba sha.

Baber ya ruga wurin maginan gari. Babbansu ko kallonsa bai yi ba.

"Bangon Sumaila? Mu? Ba a taɓa bangon wani sai da izininsa. Je ka maƙabarta ka karɓo mana."

Haka ya dawo gida. Tsoro ya cika shi, ga kunya.

Alfa Sidiki, malamin da ake kai wa irin wannan, ya zo bayan la'asar. Ya dafa kan yarinyar ya daɗe yana karatu. Can sai ta buɗe baki, muryar tsoho ta fito.

"Kun rufe ni da rai."

"Wane ne kai?" in ji Alfa.

"Da ni aka aza tushe. Ni nake riƙe da gidan nan. Numfashi na rasa, na fito na sha iska a jikinta."

"Me kake so?"

"A ɓamɓare wannan abu. Hannun Sumaila ya shafe ni."

"Sumaila ya riga mu gidan gaskiya."

"To jininsa."

Alfa ya dubi Baber. Baber ya sunkuyar da kai, don tsohon bai bar ɗa ba.

Muryar ta ce, "Shi ke nan. Ko na zauna a yarinyar gidan ya tsaya, ko na sake ta na bar muku gidan. Maigida ya zaɓa."

Lalla ta fashe da kuka. Baber ya ɗaga ido ya dubi azarar da kakanninsa suka kwana a ƙarƙashinta. Wallahi sai da ya yi jim, kuma har gobe Lalla ba ta yafe masa wannan jim ɗin ba.

"Sake ta," ya ce.

Nyamoyi ta yi atishawa uku, ta buɗe ido. "Inna, yunwa nake ji."

Lalla ta kawo shinkafa. Yarinyar ta kai loma ta farko ke nan, sai ƙasa ta fara zubowa daga rufi, a hankali, cikin kwanon. Alfa ya naɗe buzunsa, ya leƙa gabas inda hadari ya fara haɗuwa.

"Ku fara fitar da kaya," ya ce.