Wadda Ta Amsa a Kujerar Baya

Shekara goma sha ɗaya ina kiran rajista a wata firamare a unguwar Sabo ta Ibadan, har abin ya zame mini jiki. Malamai suna tsokanata, wai Anti Safi ko a gidan makoki sai ta kira suna. Ban taɓa kula su ba, ni na san amfanin abina.

A dogon hutu ne, cikin Agusta, muka ce mu ma mu je Legas mu sha iska, mu tafi Asabar mu dawo Lahadi. Mu huɗu ne: ni, da Harisu mai koyar da lissafi, da Laila ta aji uku, sai Kausar, sabuwar malama, 'yar shekara ashirin da biyu. Malam Na'Allah ne ya ja mu a bas ɗin makaranta. Da ƙyar Umman Kausar ta yarda. Autarta ce, kuma uban ya rasu kwana kaɗan bayan ya raɗa mata suna. Har bakin mota ta biyo mu, ta kama hannuna.

"Safi, amana na ba ki. Yadda kika ɗauke ta, haka za ki dawo mini da ita."

Na ce, "Haba Umma, ni da nake kiwon yara arba'in kullum?"

Na yago takarda na jera sunayenmu. Duk inda muka tsaya, kafin mota ta tashi sai na kira, su amsa suna dariya, in ɗiga alama. Haka muka yi a Iddo, haka a Obalende.

Dab da magariba muka shigo Agege, inda za mu kwana gidan gwaggon Harisu. Muka tsaya kusa da layin dogo mu sayi tsire, don kada mu shiga gidan mutane hannu rabbana. An yi ruwa an ɗauke. Warin kwata ya gauraye da hayaƙin nama. Kausar ta jiyo ƙamshin burodi daga wani siririn lungu, ta ce bari ta sayo mana na karin safe.

Ladan ya fara kiran salla. Aka ɗauke wuta, yayyafi ya dawo. Kowa ya ruga mota. Na zauna a gaba na ɗauko takardata.

"Harisu."

"Na'am."

"Laila."

"Ga ni."

"Kausar."

Shiru. Na tsani jira a rayuwata. Na sauke gilashi na buɗe muryar da nake tara yara da ita da safe: "Kausar Nata'ala!"

Wani tsoho mai shayi ya bar kofunan da yake tattarawa ya matso. "Malama, a'a. Ba a kiran mutum da sunansa na yanka a bakin lungun nan da magariba."

Na ce, "Baba, yarinya nake nema, ba wa'azi ba." Allah ya yafe mini. Na sake kira. Na kuma kira na uku.

"Na'am, Anti."

Daga kujerar baya. Muryarta ce sak. Malami kuwa idan an amsa ba ya ɗaga kai, hannunsa ne ke aiki. Na ɗiga alama a gaban sunan, na ce, "Mun cika. Malam, mu tafi."

Ba mu yi nisa ba muka faɗa gosulo. Motocin haya na danfo gaba da baya, 'yan okada suna kutsawa ta ko'ina. Sai wani wari ya cika motar, irin na ruwan da ya daɗe kwance a rijiyar da aka daina ja. Ina jin abu yana ɗiga a baya. Ɗis. Ɗis.

Wayar Laila ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙo mini. Sunan Kausar ne a kai.

Na kara a kunne.

"Anti, ina kuke?" Muryar can ƙasa-ƙasa. "Na fito daga lungun, ba kowa. Ba mota, ba mutum. Garin duk ya yi shiru."

Na ce, "Tsaya inda kike, Kausar."

Ta ce, "Da wa kike, Anti? Wace ce Kausar?"

Daga bayana aka ce, "Na'am, Anti."

Wayar ta mutu.

Malam Na'Allah ya kalli madubi sau ɗaya, bai sake kalla ba. Ni na waiwaya. Hijabin Kausar ne, ruwan toka, a jiƙe sharkaf. Kai a sunkuye. Inda fuska take, duhu ne kawai.

Harisu ya ja ƙofa, ta ƙi. Ya sa kafaɗa, ta ƙi. Ya bubbuga gilashi da hannu biyu. Wani ɗan okada yana jingine da motarmu, ya juyo ya leƙo, ya gyara hularsa a gilashin kamar ba kowa a ciki. Mutane sun fi dubu a titin nan. Ko ɗaya bai gan mu ba.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Tun ina 'yar shekara bakwai na haddace ta. Na kai tsakiya ta ɓace mini. Na sake farawa, ta sake ɓacewa.

Kujera ta yi ƙara. Abin ya matso layi ɗaya. Laila ta cusa kanta tsakanin gwiwoyi.

"Sau uku kika kira," in ji shi a hankali. "Ba ta amsa ba. Ni na amsa."

Na ce, "Don Allah, kuskure ne. Amana ce aka ba ni."

"Ai kin rubuta."

Na kankare alamar da biro, tana nan. Na sa yawu na goge, tana nan. Tsoro ya gama cinye ni, ban san me zan yi ba. Na yage layin sunan daga jikin takardar, wai in jefar.

Hannu ya zuro ta kan kafaɗata. Sanyinsa har cikin ƙashi. Ya zare guntun takardar daga yatsuna.

"Na gode, Anti."

Jirgi ya yi kuka can nesa. Ƙofa ta buɗe da kanta. Babu kowa a baya, sai ruwa kwance a kan kujera.

A ƙafa muka koma, muna gudu cikin taɓo. Muka tarar da ita a kan bencin mai shayi, burodi a cinya, takalmi ɗaya. A kan layin dogo ya gan ta tsaye, ya janyo ta kafin jirgi ya iso. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Ita dai kun samu. Ku gode wa Allah."

Ta gane mu duka. Ta san gidansu, ta san ɗalibanta, tana ci tana dariya. Amma ka kira sunanta har muryarka ta dushe, ba za ta juyo ba. Ko a rubuce ta gan shi, sai ta ce na wace ce. An yi addu'a, an sha rubutu, an je asibiti. Yanzu Ummi ake ce mata.

Na daina kiran rajista da baki, da ido nake ƙirga yara. Duk Juma'a ina zuwa gaida Umma. Tana amsawa, ba ta kallona.

Wata Juma'a na daɗe har magariba ta same ni a can. Ummi tana zaune a gabanmu tana tsince shinkafa. Umma ta daɗe tana kallonta, sai bakinta ya suɓuce. Ba da ƙarfi ba ma.

"Kausar."

'Yarta ba ta ɗago ba.

Daga bayan katanga aka ce, "Na'am, Umma."