Reshen Kawu Mzwakhe

"Mama, ba a shiga gidan batura da ganye!"

"Ɗana ya mutu a ciki, kai kuma ka tsaya kana min doka? Buɗe!"

Mai gadin ya buɗe. Kaka MaHadebe ta wuce riƙe da reshen ƙaya, ni Nomvula ina binta da tocila. Magariba ce, sanyin duwatsun Underberg har cikin ƙashi.

A wurinmu, wanda ya mutu a waje sai a je da reshe a ɗauko ruhinsa. Mai riƙe da reshen ba ya waiwaye har gida, in ba haka ba mamacin ya ɓace.

Manyan kwantenoni da ke adana wutar gari suna ta gunji. Ɗakin gadin Kawu Mzwakhe, ɗan Kaka, yana can ƙarshe. Farantin ɗumama ɗaki da ke manne a silin ya lalace daren da sanyi ya kashe Kawu, har an datse wayar wutar farantin.

Kaka ta goga reshen a ƙasa. "Taso, Mzwakhe, mu tafi gida."

Ni dai tun ina ƙarama ba muryar da ta gagare ni. Na so Kaka ta ɗan yi dariya. Na laɓe a bayanta, na shaƙe murya irin ta Kawu: "Inna, bari in ɗan ji ɗumi."

Kaka ta waiwayo.

Gunjin kwantenonin ya ɗauke ɗif.

Ƙas. Ƙas. Farantin ya fara ƙara. Zafi ya sauko mini a tsakar ka, da warin tabar Kawu.

"Inna," aka ce daga silin, "ɗan ɗumi kaɗan."

Bakina a rufe yake.

Wani abu mai sanyi ya bi ta maƙogwarona ya sauka. Kaka ta fizge ni, muka fita da gudu, ba ta saki reshen ba.

Tun ranar ban sake iya kwaikwayon kowa ba. Bargo uku nake rufa, ban daina rawar ɗari ba.

Ranar da aka yanka akuya don tarbar ruhin Kawu, dangi suka zauna, Kaka ta durƙusa gaban reshen tana kuka. "Mzwakhe, ka iso gida kuwa?"

Bakina ya buɗe da kansa.

"Na iso, Inna. Amma ku saya wa yarinyar nan safa, ba ɗumi a cikinta."