Ƙazafin Da Aikin Dare Ya Jawo Wa Mubaraka

Marin farko bai kayar da ita ba, na biyun ne ya haɗa kanta da bangon zaure.

"Cikin uban wa ne?!"

Mubaraka ta dafe kunci tana kallon yayanta Lukuman kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Shigowarta ke nan daga asibiti, ƙarfe takwas na safe, ko fararen kayan aikin jinyar ba ta cire ba.

"Yaya... wane ciki?"

"Ni za ki raina wa hankali? Dubi tumbinki! Dubi yadda kika kumbura! Duk Gwandu an sani, ni kaɗai ne sakarai!"

Ya zare bel ɗinsa, ya shiga zuba mata ta ko'ina. Ƙarfen ya fasa mata gira, jini ya gangaro kan farar rigarta. Inna, mahaifiyarsu, ta fito a guje ta riƙe shi, ya fizge har ta zube a ƙasa.

"Tun da Baba ya rasu ni ne uban gidan ga! Kullum dare ba ta gida, wai aiki. Ga sakamakon aikin nan!"

Gaskiya ne Mubaraka ta canja. Shekara uku ke nan kusan duk aikin dare ake sa ta. Idan ta dawo da safe barci ba ya zuwa, ga zafi, ga hayaniyar unguwa, sai ta yi ta juyi a kan katifa har azahar. Da tsakar dare kuwa yunwa ke taso ta, ta cika cikinta da burodi da shayi mai zaƙi da lemon kwalba don kada ta gyangyaɗa a kan marasa lafiya. Sannu a hankali tumbi ya fito, wuyanta ya yi duhu, al'adarta ta rikice, ciwon kai ya zame mata abokin zama. Tana auna jinin mutane kowane dare, amma ba ta taɓa ɗaura abin awon a nata hannun ba.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida.

Muzzammil ne, saurayinta, mai gyaran injin casar shinkafa a Kalgo. Saura wata biyu bikinsu. Da asuba mahaifiyarsa Hajiya Kubura ta ce masa ta fasa, ba za a kawo mata mai cikin shege gida ba. Bai tsaya ko karyawa ba ya kamo hanya.

Yana leƙowa zauren ya gan ta a ƙasa cikin jini.

"Kai! Sake ta!"

Ya cafke bel ɗin a iska. Lukuman ya juyo, idanunsa jajur.

"Yauwa! Ga mai cikin ya kawo kansa!"

Suka sarƙe. Muzzammil ya kai masa naushi a baki, haƙori ya fita. Lukuman ya ja baya yana tofar da jini, hannunsa ya faɗa kan taɓaryar Inna da ke jingine. Ya ɗaga ta da hannu biyu, kan Mubaraka ya nufa.

Muzzammil ya faɗa a kanta ya tare da hannunsa na dama.

Ƙas!

Har maƙwabta sai da suka ji karyewar ƙashin.

"Muzzammil!" Mubaraka ta ƙwalla ƙara. Ta yunƙura za ta tashi, zauren ya juya mata, wani abu ya sara mata a ƙeya, jini ya ɓalle ta hancinta. Daga nan ba ta sake sanin inda take ba.

Sai bayan la'asar ta farfaɗo, a kan gadon asibitin da take aiki. Likita Dibora na tsaye a kanta. Inna na kuka a gefe, Lukuman ya raɓe a bakin ƙofa da kumburarren leɓe. Hajiya Kubura ma ta iso daga Kalgo, tana zaune kusa da ɗanta da aka naɗe wa hannu tun daga kafaɗa.

"Likita..." muryar Mubaraka da ƙyar take fita. "A yi min gwajin ciki. A karanta a gabansu."

"Ba sai an yi ba, masoyiyata," in ji Muzzammil. "Ni ban taɓa zarginki ba."

"Ba don kai ba ne. A yi!"

Aka yi, har da hoton ciki. Likita Dibora ta dawo da takardar, ta tsaya a tsakiyar ɗakin.

"Babu ciki. Ba a taɓa yin sa ba."

Inna ta fashe da sabon kuka tana hamdala.

"Abin da ke akwai ya fi ba ni tsoro," likitar ta ci gaba. "Da kuka kawo ta jininta ya haura ɗari da casa'in, saura ƙiris ɓarin jikinta ya shanye. Sukarinta ya hau, kitse ya yi yawa a jininta, shi ne kuma ya taru a cikin nan da kuke nunawa. Jikin mutum ya san dare, ya san rana. Idan aka shekara uku ana juya masa su, ga rashin barci, ga damuwa, ga cin zaƙi da tsakar dare, haka yake rikicewa." Ta dubi Lukuman. "Marar lafiya ka daka, malam."

Lukuman ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Na duba jadawalin aiki ma," in ji likitar. "Ƙa'ida ana karɓa-karɓa ne. Ban san dalilin da Rahama take ta maimaita sunanta a dare ba."

Hajiya Kubura ta ɗago da sauri.

"Wace Rahama?"

"Mai rubuta mana jadawali."

Mubaraka ta lumshe ido. Rahama 'yar ƙanwar Hajiya ce. Sau nawa ta roƙe ta ta mayar da ita rana, tana ce mata, "Haƙuri za ki yi ƙawata, ma'aikata sun yi ƙaranci."

"Ita ta ce min ta ga takardar awon cikin da idonta," Hajiya ta faɗa a hankali.

"Ni ma ita ta kira ni," in ji Lukuman, kansa a ƙasa.

Aka aika aka kira ta. Tana shigowa da murmushinta Hajiya ta miƙe ta shaƙo wuyan hijabinta, ta kwaɗa mata mari biyu a jere.

"Munafuka! Dubi hannun ɗana!"

"Ni na fara son shi!" Rahama ta faɗa cikin kururuwa. "Tun muna yara! Mi tad da shi wanda ba ni da shi? Na raba su da dare, na raba su da rana, amma kullum Juma'a sai ya zo!"

Ma'aikata biyu suka janye ta waje tana ta fizge-fizge. Kafin sati ya zagayo an dakatar da ita daga aiki.

Da ɗakin ya watse, Mubaraka ta juya fuskarta bango.

"Ka tafi, Muzzammil. Ka ji dai abin da likita ta ce. Magani kullum, ga ƙiba, ga ciwo. Ba wannan ka gani ka ce kana so ba."

"Juyo ki dube ni."

Ta ƙi.

"Hasken idona, hannu na bayar saboda ke. Kina ganin ƙwayar magani ce za ta kore ni?"

Ta juyo, hawaye na bin kunnenta. Ya sa hannun hagu ya share mata.

An ɗaga bikin wata huɗu. Aka mayar da Mubaraka aikin safe, daga baya ta samu canji zuwa Kalgo. Ta bar lemo da shayin dare, kullum da yamma ita da Inna suna taka ƙafa har bayan gari. Jinin ya sauka, sukarin ya daidaita, ko da yake maganin bai rabu da jakarta ba. Hannun Muzzammil ya haɗe, amma bai sake miƙewa sosai ba, dole ya koyi riƙe sufana da sauran kayan gyara da hagu.

Lukuman ya durƙusa a gabanta sau uku. Sai ana gobe ɗaurin aure ta amsa masa.

"Na yafe, Yaya. Amma ba kai za ka ba da aurena ba. Kawu zai bayar."

Bai yi musu ba.

Ranar da aka kai ta Kalgo, bayan isha'i abokan ango suka rako shi da ledar kaza suna barkwanci. Muzzammil ya ɗaga labule ya leƙa, sai ya juyo da sauri ya ɗora yatsa a baki.

Amarya ta kife a kan gado da lulluɓinta da lallenta, tana ta sharar barci.

"A tashe ta mana, a sayi baki!" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Wallahi duk wanda ya tashe ta, da hagun nan zan fasa masa baki. Ku tafi da kazarku."

Ba ta motsa ba sai da ladan ya kira asuba. Ta buɗe ido ta gan shi zaune a kan darduma yana kallonta.

"Innalillahi! Barci na yi? A daren aurena?"

Ya yi dariya har da dafe ciki.

"Awa takwas cur, amaryata. Ni na ƙirga. Tashi ki yi alwala, ina jiranki mu yi salla."